Daga Bulalar Ɗan Doka Zuwa Zauren Kotu

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya, mu leƙa tarihin yadda talakan Arewa ya samu bakin da zai kai ɗan sanda ƙara.

Idan ka tambayi dattawan Wanke ko Tsafe ko Bunguɗu, za su ba ka labarin lokacin da ƙasar nan take ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. A wancan zamani 'yan doka da alƙali da gidan yari duk a hannun En'e suke. Wanda ya kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai tsare ka, duk ubangidansu ɗaya. Kuma doka ba ta yarda lauya ya tsaya wa mutum a gaban alƙali ba. To ina talaka zai kai kukansa?

Waɗanda suka fara ɗaga murya su ne 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Sun sha bulala, sun sha ɗauri, wani lokaci laifinsu kawai sun yi taro babu izini. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, sau 16 ana ɗaure ta. Wahalar ba ta tafi a banza ba. Hukumar Willink da Turawan Ingila suka kafa a 1957 ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa sa su a tsarin mulkin 1960. Bayan sojoji sun karɓi mulki, gwamnatin Gowon ta ƙwace kotuna daga hannun sarakuna, aka kuma narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya.

Sai dai an canza kaki ne, hali bai canza ba. Duka a caji ofis, da kuɗin beli, da kama uba a madadin ɗansa, duk suka ci gaba. Abin da ya sauya shi ne yanzu akwai ƙofar kotu, akwai kuma masu ƙwanƙwasa ta. An kafa hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta a 1976. Lauyoyi biyu, Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo, suka kafa ƙungiyar CLO a Legas a 1987, suna bin gidajen yari suna zaƙulo waɗanda aka manta da su babu shari'a. A 1995 aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Shari'u biyu sun isa misali. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka harbe matasa shida a Abuja, waɗanda aka sani da 'yan shidan Apo, suka ce 'yan fashi ne. 'Yan uwansu 'yan kasuwa suka ƙi yarda, suka yi ta bore har gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike, wanda ya wanke mamatan. Shari'a ta yi ta jan ƙafa har shekara goma sha biyu. A watan Maris na 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku, ciki har da babban jami'in da ake tuhuma.

Ta biyu a Maiduguri ta faru. Lokacin rikicin Boko Haram na Yulin 2009, wani dattijo mai suna Baba Fugu, surukin Muhammad Yusuf, ya kai kansa wurin 'yan sanda da ƙafarsa, bai dawo da rai ba. Iyalinsa ba su ɗauki makami ba, lauya suka ɗauka. A 2010 babbar kotun Jihar Borno ta ce an kashe shi ba bisa doka ba, ta yi umarnin a biya diyyar naira miliyan 100, gwamnatin jihar ta biya a 2012. Kuɗi ba sa dawo da rai, amma an rubuta a takardar kotu cewa zalunci aka yi.

Mai karatu, ga gadon da wannan gwagwarmaya ta bar maka. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tuhuma babban laifi. Dokar 'yan sanda ta 2020, shekarar da zanga-zangar matasa ta sa aka rusa rundunar SARS, ta haramta kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum saboda rigimar bashi kawai. Tun 2009 ƙa'idojin kotu suka yarda ɗan uwa ko ƙungiya su shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare.

A Zamfara ta yau, da 'yan bindiga suka hana mu noma da barci, wasu na ganin maganar haƙƙin wanda ake zargi ɓata lokaci ce. Ni ban yarda ba. Ɗan sanda ma ɗan wani ne, da yawansu sun rasa rayukansu a dajin nan saboda mu. Amma duk wanda aka daka ba da laifinsa ba, shi da danginsa sun daina kai wa hukuma rahoto, kuma ɓarawon daji ne ke cin ribar wannan shirun.

Hausawa sun ce in bera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya miƙa kuɗin beli ya koma gida ya ce Allah ya isa, ya share wa na bayansa hanyar biya. Idan an zalunci naka, rubuta suna da rana da wuri, nemi takardar asibiti, ka nufi lauya a Gusau. Allah ya tsare mu da zalunci, namu da na wasu, amin.