Bakalori da Tarihin Rahoton Muhalli a Ayyukan Gine-gine



Duk wanda ya kama hanya daga Tsafe, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, zai isa Talatar Mafara, inda aka tare Gulbin Sakkwato da madatsar ruwa ta Bakalori. Tarihin wannan aiki ya nuna cewa kamfanin gine-gine ba ya bayyana ɓarnar da aikinsa zai jawo sai in akwai mai tilasta masa.

A shekarar 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a bi aikin sannu a hankali, kada a dagula noman da jama'a suka gada. Amma da aka damƙa shi ga kamfanin Impresit, mai tushe a Italiya, sai aka faɗaɗa shi, aka gina madatsar daga 1974 zuwa 1978. A lokacin babu dokar da ta wajabta wa ɗan kwangila ya rubuta abin da zai sami fadamun da ke ƙasa da madatsar. Ambaliyar da ke ciyar da shinkafa ta ragu, gonaki suka salwanta, diyya ta yi jinkiri. Da manoma suka tare hanyoyi, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, aka yi asarar rayuka.

Duk da haka doka ba ta canja ba, sai da aka gano dattin guba daga Italiya a garin Koko a 1988, jaridu suka yi ca. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya da Doka ta 58. A 1989 Bankin Duniya ya shardanta binciken muhalli ga ayyukan da yake ba rance, sa'an nan Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta rahoto kafin fara babban aiki.

To, amma doka takarda ce. Shugaban kamfani ne ke zaɓen masu binciken, shi ke biyansu, kuma babban jami'in ma'aikata ne ke sa hannu. Idan suka ɗauki rahoton a matsayin tikitin karɓar kwangila, manomi bai tsira ba. Saboda haka, ku da fayil zai biyo ta teburinku, ku tambaya: an je ƙauyen? An ji ta bakin masu gonakin? Rigakafi dai ya fi magani.