Gidan Makama: Yadda zaure ya koma ɗakin tarihi

Duk wanda ya shiga Gidan Makama da ke Kano zai ga ɗaki yana miƙa shi ga ɗaki, kamar yadda fitowa ke bin fitowa a fim. To amma fa tun asali ba don 'yan kallo aka tsara gidan ba.

Tarihin baka ya nuna cewa an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana Makaman Kano, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Tsarinsa na gidan babban mutum ne a ƙasar Hausa: zaure a gaba, soraye a tsakiya, cikin gida can ƙurya. Baƙo iyakarsa zaure. Wanda ya wuce nan kuwa sai da izini. Wato an shirya ɗakunan ne don su tare mutum.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka mai da gidan ofis. Daga baya aka raba shi uku: wani sashe ya zama makarantar firamare, wani ya ci gaba da zama gidan kwana, na ukun ya zama gidan tarihi, wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979.

A nan ne lamarin ya juya. Sorayen da a da ke hana mutum wucewa, su ne aka jera su zama ɗakunan nuni 11, kowanne yana tura mai kallo gaba. Daga zaure za ka fara da kayan gargajiya, ka wuce ga ganuwa da taswirar birni, kafuwar sarauta, Kano a ƙarni na 19, Yaƙin Basasa na 1893, har zuwa sana'o'i da kayan kiɗa. Filin da ke ciki kuwa ya zama dandalin 'yan Koroso.

Abin lura ga marubutanmu da daraktocinmu shi ne, babban abin kallo a wurin shi ne ginin kansa. Mai son sanin inda bafade ke tsayawa da inda baƙo ke zubewa gaisuwa, bangon nan zai nuna masa. Sai dai ginin ƙasa ne, kowace damina da abin da take ci a jikinsa, kuma sai da yaɓe yake rayuwa. Ranar da soro ɗaya ya zube aka maye shi da bulo, an yage shafi guda daga littafin Kano.