Manhajojin Ajiye Bayanai Masu Aiki Ba Tare da Intanet Ba

Manhajar ajiye bayanai mai aiki ba tare da intanet ba ita ce wadda mutum zai rubuta abubuwansa a cikinta, ya jera su, ya nemo su duk lokacin da ya so, alhali asalin rubutun yana zaune a cikin wayarsa ko kwamfutarsa. Idan akwai intanet tana iya aika kwafi zuwa wata na'urar, idan babu kuma aiki ba ya tsayawa. Bambancinta ke nan da irin su Google Keep da Notion, inda asalin bayani yake kan manyan kwamfutocin kamfani, mai amfani kuwa ta asusunsa yake kaiwa gare shi.

Tsarin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Malamanmu na da can suna da kundi, inda suke tara abin da suka karanta da abin da aka ba su, su sa a gafaka, ba mai buɗewa sai da izininsu. Kundi ba ya buƙatar kowa kafin a karanta shi, amma idan gobara ta ci shi ko gara ta shiga, shi ke nan. Waɗannan manhajoji haka suke, da amfaninsu da haɗarinsu.

Asalin tsarin

Kafin intanet ta wadata, kusan kowace manhaja a cikin kwamfuta take ajiya. Daga baya kamfanoni suka ja jama'a zuwa rumbunansu na intanet, domin a iya buɗe abu ɗaya daga waya da kwamfuta. A shekarar 2019 wasu masana huɗu, cikinsu har da Martin Kleppmann na Jami'ar Cambridge, suka fitar da wata maƙala a ƙarƙashin cibiyar bincike ta Ink & Switch, inda suka zayyana sharuɗɗa bakwai na manhajar da ke fifita na'urar mai ita. Daga ciki akwai yin aiki ko babu intanet, da kare sirri, da kuma cewa bayani ya ci gaba da buɗuwa ko da kamfanin da ya yi manhajar ya rufe.

Me ya sa abin ya shafe mu

Zaman ƙasar nan zaman takarda ne. Mazauna Small Heath da sauran unguwannin Birmingham ba za su manta da labarin Paulette Wilson ta Wolverhampton ba. Ta zo daga Jamaika a 1968 tana da shekara 10, ta yi aiki shekaru da dama, har a ɗakin cin abinci na Majalisar Dokoki. Duk da haka a 2017 aka tsare ta a Yarl's Wood, saura kaɗan a mayar da ita ƙasar da ta bari tun tana yarinya. Da badaƙalar Windrush ta fito fili a 2018, an gano cewa ana neman mutane su kawo shaidar zamansu ta kowace shekara, alhali Ma'aikatar Cikin Gida ta lalata katunan shigowarsu tun 2010. Ministar ma'aikatar, Amber Rudd, ta yi murabus a watan Afrilu na 2018. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu kuma shaidar izinin zama ta koma intanet. Yawancin katunan BRP wa'adinsu ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2024, aka maye gurbinsu da eVisa, wadda ake dubawa ta asusun UKVI. Hoton allon waya ba ya zama shaida a hukumance, amma wasiƙar da aka ba mutum izini da ita, da lambobin takardun neman da ya cike, da tsohon katinsa, su ne abin da lauya zai fara tambaya idan aka sami kuskure a asusun.

Akwai kuma lissafin kwanaki. Mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar zaman shekara 5 ana son kada kwanakin da ya yi a waje su wuce 450 a cikin shekarun, kuma kada su wuce 90 a watanni 12 na ƙarshe. Wanda ke zuwa Kano ko Maraɗi hutun bazara, ga Umra, ga zuwa ta'aziyya, zai sha wuya in ya ce zai tuno ranakun da ka. Masu aikin kansu, kamar direbobin tasi da masu shago, hukumar haraji ta HMRC tana son su riƙe takardun lissafinsu aƙalla shekara 5 bayan wa'adin 31 ga Janairu na shekarar da aka shigar da su. Dokokin shige da fice suna canzawa, don haka a riƙa duba shafin gov.uk kafin a cike kowace takarda.

Idan an je gida

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, sannan aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar an katse intanet ta wayar hannu kwanaki da dama bayan zaɓen watan Fabrairu na wannan shekarar. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna a Nijeriya suka sami cikas. Wanda sunan maganin mahaifiyarsa ko lambar tikitinsa ke kan intanet kaɗai, a irin wannan rana ba shi da su.

Kamfani ba ya dawwama

A watan Disamba na 2023 Evernote, bayan kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye shi, ya taƙaita masu amfani kyauta zuwa rubutu 50 kacal. A Fabrairu 2024 Notion ya sayi Skiff, wanda ya yi suna wajen kare sirri, aka ba masu amfani watanni shida su kwashe kayansu. A 2022 ɓarayin intanet sun sace kwafin rumbunan kalmomin sirri na abokan cinikin LastPass. A Fabrairu 2025 kuma Apple ya janye tsarinsa na Advanced Data Protection daga Birtaniya, bayan rahotannin cewa gwamnati ta nemi hanyar shiga bayanan da aka kulle a iCloud.

Mutanen gabashin Birmingham sun san cewa bayanin da aka tara da wata manufa yana iya yin wani aikin daban. A 2010 aka kafa kyamarori fiye da 200 a Sparkbrook da Washwood Heath da kewaye, aka ce don rage aikata laifi ne, daga baya ta bayyana cewa kuɗin daga asusun yaƙi da ta'addanci suka fito. Shugaban 'yan sandan West Midlands ya nemi afuwa, aka cire su a 2011. Abin da ke hannun wani, ba kai ne ke yanke hukuncin inda zai ƙare ba.

Manhajojin da aka fi sani

Joplin: Laurent Cozic ne ya fitar da ita a 2017. Kyauta ce, kuma umarnin da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk mai son bincikawa. Tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone. Ana iya haɗa hoto ko PDF da rubutu, tana kuma karɓar abin da aka kwaso daga Evernote. Wanda ke son waya da kwamfuta su riƙa daidaita zai iya bi ta Dropbox ko OneDrive ko Nextcloud, ya kunna kullen da ke sa kamfanin ya ga haruffa marasa ma'ana kawai. A lura, wannan kulle na abin da ya fita ne, kwafin da ke cikin na'ura a buɗe yake.

Obsidian: Shida Li da Erica Xu suka fara ta a 2020. Kowane rubutu fayil ne mai zaman kansa a cikin folda ɗaya, a tsarin Markdown, wato rubutu zalla da 'yan alamomi, wanda John Gruber ya ƙirƙiro a 2004. Amfanin wannan shi ne ko an daina yin manhajar, Notepad ma zai buɗe fayilolin. Ba a buƙatar asusu, sai dai umarnin gininta ba a buɗe yake ba, kuma hidimar daidaitawarta ta kuɗi ce.

Standard Notes: Ita kulle rubutu ne ginshiƙinta, ana kuma iya sa mata lambar sirri a na'ura. Kamfanin Proton na Suwizalan ya saye ta a 2024. Ta kyauta rubutu zalla take yi, sauran abubuwa sai an biya.

TiddlyWiki: Baturen Ingila Jeremy Ruston ya yi ta a 2004. Duk littafin fayil ɗaya ne da ake buɗewa da manhajar shiga intanet ko da babu layi. Ta fi dacewa da wanda ya ɗan saba da kwamfuta.

KeePass: Dominik Reichl ya fara ta a 2003. Aikinta ajiye kalmomin sirri a cikin kullallen fayil ɗaya. Akwai KeePassXC ta kwamfuta da KeePassDX ta Android, duk fayil iri ɗaya suke buɗewa. Kalmomin sirri na banki da na UKVI a nan ya kamata su zauna, ba a cikin littafin rubutu ba.

Da yawa daga cikinmu WhatsApp muka mayar ma'ajiya, mu tura wa kanmu fasfo da takardar albashi. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, amma kwafin da yake ajiyewa a Google Drive ko iCloud sai mutum ya kunna masa irin wannan kulle da kansa, zaɓin da aka ƙara a 2021. Ban da haka, neman takardar shekara 4 a cikin hira aiki ne babba.

Rubutun Hausa

Duk waɗannan manhajoji suna karɓar ƙ da ɗ da ɓ, allon rubutu na Gboard kuma yana da Hausa. Sai dai wurin nema, manhaja tana ɗaukar "ƙasa" da "kasa" kalmomi biyu daban. A zaɓi hanya ɗaya a riƙe ta, musamman a sunayen fayiloli. Yana da kyau kuma sunan kowace takarda ya fara da shekara da wata, kamar 2024-03 haya, domin su jeru da kansu.

Nauyin da ke kan mai amfani

Wanda ya riƙe kayansa da kansa, shi ne mai gadi. Idan waya ta faɗa ruwa ko aka fizge ta, babu kamfanin da za a kira. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wajen gida. Misali, asali a kwamfuta, kwafi a filash cikin akwati, wani kwafin a gidan ɗan uwa a Manchester. Filashin da zai fita daga gida a kulle shi da VeraCrypt ko makamanciyarta. A kunna BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, waya kuma a sa mata lamba mai tsawo. Kafin a kai waya gyara a shagunan Coventry Road ko wani wuri, a kwashe bayanai, kuma a guji ba da lambar buɗewa in gyaran bai buƙace ta ba.

Abu na biyu shi ne kalmar sirri ta kulle. Idan aka manta ta, ko wanda ya yi manhajar ba zai iya buɗewa ba. Mutuwa kuma ba ta sallama. Magidanci na iya rasuwa da lissafin bashi, da takardun fili a Zariya, da kuɗin adashin mutane, duk a cikin fayil ɗin da matarsa da 'ya'yansa ba su da mabuɗinsa, rabon gado ya tsaya. A rubuta babbar kalmar a takarda, a sa a ambulan, a ajiye tare da wasiyya, a kuma sanar da mutum ɗaya amintacce inda take. Uwar adashi da ma'ajin ƙungiya su tuna cewa sunaye da lambobin da ke hannunsu amana ce ta wasu.

Abin da doka ta ce

Kulle bayani halal ne a dokar Birtaniya, amma ba ya ɗaga mutum sama da doka. Sashe na 49 na dokar RIPA ta 2000, wanda ya fara aiki a 2007, ya ba hukuma damar neman mabuɗi da izinin da doka ta tanada, ƙin bayarwa kuma na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 2, ko 5 idan maganar tsaron ƙasa ce. A filin jirgi, Jadawali na 7 na Dokar Ta'addanci ta 2000 ya ba jami'ai damar tsare matafiyi har awa 6 da bincika na'urorinsa. Saboda haka mai tafiya ya ɗauki abin da tafiyar ke buƙata kawai, sauran ya bari a gida.

Ta wani ɓangaren, Dokar Kare Bayanai ta 2018 ta ba kowa damar neman kwafin abin da wata hukuma ko kamfani ke riƙe da shi a kansa, a mafi yawan lokuta kyauta, kuma a ƙa'ida a amsa cikin wata 1. Wanda tsofaffin takardunsa suka ɓace zai iya bi ta nan ya nemi fayil ɗinsa daga Ma'aikatar Cikin Gida.

Inda za a fara

Ba sai an yi komai rana ɗaya ba. A zaɓi manhaja ɗaya, a buɗe folda biyar: izinin zama, gida da haya, aiki da haraji, lafiya da makaranta, sai harkokin gida Nijeriya ko Nijar. A fara da jerin ranakun fita da shigowa tun tambarin fasfo bai goge ba. Takardun asali kuma su ci gaba da zama a akwati, domin hoto ba ya maye gurbinsu. Matasan gida su taimaka wa iyaye wajen sakawa, amma kalmar sirri ta zama ta mai kayan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mana amanarmu, amin.