Haɗa hatsi da wake a gona ɗaya

Haɗin shuka shi ne manomi ya shuka hatsi, kamar gero, dawa ko masara, tare da wake, gyaɗa, gurjiya ko waken soya a fili guda cikin damina ɗaya. Tsohuwar al'ada ce daga Maraɗi da Damagaram har arewacin Kamaru da Cadi. Galibi gero ake fara shukawa da ruwan farko, bayan 'yan makonni a bi tsakaninsa da wake.

A saiwar wake da danginsa akwai 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna kamo sinadarin naitirojin daga iska. Saboda haka wake ba ya gasa sosai da gero wajen wannan sinadari. Sai dai mafi yawan takin da yake bari ba geron da ke kusa da shi a bana ne ke cin moriyarsa ba, shukar baɗi ce, kuma yana raguwa idan an kwashe harawa duka don dabbobi ko kasuwa.

Kowane ɗayansu yakan ba da ƙasa da abin da zai bayar shi kaɗai. Ribar tana fitowa ne idan an haɗa lissafin gonar duka: hatsi, wake, kara da harawa. Idan kuma ruwa ya ɗauke da wuri, da wuya a rasa duka biyun. Wake ne ya fi cutuwa, domin inuwar gero na hana shi yin 'ya'ya. Wannan ne ya sa masu bincike na cibiyar IITA a Kano suka fito da tsarin layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, don rana ta samu waken, feshi kuma ya zo da sauƙi.

Wajen ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, haɗin na da amfani. Saiwar waken soya da ta wasu irin wake na sa irin ƙudujin hatsi ya tsiro, ya rasa abin da zai maƙale wa, ya mutu. Amma wake ma yana da nasa ƙudujin dabam, kuma haɗin ba ya maganinsa.

A Kenya, cibiyar ICIPE ta faɗaɗa dabarar tun shekarun 1990: ana shuka desmodiyom, wani dangin wake, tsakanin layukan masara, warinsa ya kori malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar kara, ciyawar da aka kewaye gonar da ita kuma ta jawo shi. An ga tsarin na rage ɓarnar tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016. Tsutsar da ke huda kwanson wake kuwa ba ta jin haɗin shuka sosai. Lokacin fure sai an sa ido.