Digiri da Anini: Yadda Najeriya Ta Raba Jami'a da Bariki

A Tsanyawa, kan hanyar Kano zuwa Katsina bayan an wuce Bichi, ƙasar noma ta daɗe da yi wa mutanenta kaɗan. Gona na manne da gona, duk rabon gado kuma sai ta ƙara tsukewa, shi ya sa gidaje da yawa suka ɗora begensu kan yaron da ya yi boko. Tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa ƙauyukan kan iyaka daga ɓangaren Katsina a 2025, ganin sojoji ya zama ruwan dare a yankin. Ɗalibin da ya dawo hutu daga Jami'ar Bayero yana iya yin kiciɓis da laftanar sa'ansa yana jagorantar sintiri. Idan aikin ya ba shi sha'awa, zai tarar babu wata hanya a cikin jami'arsa da za ta kai shi ga anini a kafaɗa. Akwai ƙungiyoyin fareti irin su Man O' War, amma ba sa mayar da kowa hafsa.

Wasu ƙasashe sun buɗe wannan hanya tun tuni. A Amurka, wata dokar 1862 ta wajabta wa kwalejojin da gwamnati ta ba filaye su koyar da dabarun soja, sannan a 1916 aka kafa shirin ROTC, inda ɗalibi ke karatunsa na injiniya ko tarihi yana kuma karɓar horo, ya fita da digiri da muƙamin hafsa tare. Ta nan Colin Powell ya shiga soja a 1958. Ingila ta kafa nata tsarin a jami'o'i da manyan makarantu tun 1908. Najeriya, wadda ta gāji kusan komai na sojanta daga Ingila, ba ta bi wannan turba ba, kuma dalilin yana cikin shekaru goman da suka kewaye samun 'yancin kai.

Lokacin da Turawa suka soma shirin tafiya, makarantun sakandare ne rumbun da ake ɗibar hafsoshi. Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, ita ta yaye Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed, dukkansu kuma suka wuce Sandhurst. Arewa ba ta da jami'a sai a 1962, sa'ad da aka buɗe ta Ahmadu Bello, saboda haka da an ce digiri ne sharaɗin zama hafsa, da Kudu ta kwashe kusan dukkan guraben. Shugabannin NPC sun gane haka sarai. A 1961, zamanin da Muhammadu Ribaɗu ke Ministan Tsaro, aka shimfiɗa tsarin kaso wajen ɗaukar hafsoshi: rabi na Arewa, rubu'i na Gabas, rubu'i na Yamma. Daga nan manya suka riƙa bin makarantu suna zawarcin yara. Alhaji Ibrahim Tako Galadima, ƙaramin ministan soja, ya je makarantar lardi ta Bida, inda Ibrahim Babangida da Mamman Vatsa suka fito suka shiga Kwalejin Horon Soja ta Kaduna a 1962. A shekarar nan Muhammadu Buhari ya shiga daga makarantar lardi ta Katsina. Sani Abacha na Kano shi ma ta wannan kwaleji ya bi.

Masu digiri kuwa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Chukwuemeka Ojukwu, wanda ya karanta tarihi a Oxford, ya shiga a 1957 a matsayin kurtu a Zariya kafin a tura shi horon hafsoshi. Akwai Olufemi Olutoye da Victor Banjo da Oluwole Rotimi da Adewale Ademoyega, sai Emmanuel Ifeajuna, ɗan Jami'ar Ibadan wanda ya ci lambar zinariya a wasan tsalle a gasar Commonwealth ta 1954, ya kuma yi suna wajen jagorantar boren ɗalibai. Waɗannan sun zo bariki da abin da yaran sakandare ba su zo da shi ba, wato siyasar harabar jami'a da ɗabi'ar gardama da na gaba.

Daren 15 ga Janairu 1966 ya sa aka yi wa wannan bambanci mummunar fassara. Ifeajuna da Ademoyega suna cikin manjojin da suka kitsa juyin mulkin da ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshin Arewa: Birgediya Maimalari, Kanar Kur Muhammed, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Abin da ya fi yi wa sojojin Arewa ciwo shi ne Ifeajuna na hannun daman Maimalari ne a birged ɗinsa ta Legas. Tun daga ranar, hafsa mai yawan karatu ya zama abin kallo da gefen ido.

Sai dai wannan hukunci ba ya tsayawa da ƙafarsa idan aka dubi lamarin da kyau. Manjo Kaduna Nzeogwu, wanda ya afka wa gidan Sardauna, bai taɓa zama a jami'a ba; yayen Sandhurst ne, kuma shi ne babban malami a kwalejin horon ta Kaduna. Ojukwu mai digirin Oxford, wanda ke riƙe da bataliya ta biyar a Kano a wannan dare, ƙin bin su ya yi. Juyin mulkin Yulin 1966 da na 1975 da 1983 da 1985 da 1993 kuwa, duk yaran nan ne da aka ɗebo daga sakandare suka jagorance su. Bindiga ba ta nemi takardar kowa ba.

Mafitar da soja ta zaɓa ita ce ta gina jami'arta a cikin shingenta. A Fabrairun 1964 aka kafa makarantar NDA a Kaduna, ƙarƙashin wani birgediya ɗan Indiya mai suna Varma, aka daina dogaro da Ingila. A 1985 ta fara karatun digiri. Yau matashi na shiga yana ɗan shekara 17 zuwa 21, kowace jiha da kasonta, ya shafe shekaru biyar yana karatu da horo a hannun waɗanda za su zama shugabanninsa. Ta haka rundunar ta sami ilimin da take buƙata ba tare da ta ɗauko siyasar ɗalibai ba. Farashin shi ne hafsan yana girma bai taɓa zama ɗaki ɗaya da ɗan farar hular da zai zama likita ko alƙali ko ɗan jarida ba, alhali su ne zai yi hulɗa da su tsawon aikinsa.

Ga yaron karkara irin na Tsanyawa, tsarin na nufin dole a yanke shawara da wuri, a shekarun da sau da yawa babu wanda zai gaya masa ranar da ake buɗe neman gurbi a intanet, balle yadda ake shirya wa jarrabawa. Wanda ya farga bayan ya shiga jami'a, abin da ya rage masa shi ne shirin gajeren zango, wanda ke ɗaukar masu digiri, musamman likitoci da injiniyoyi da lauyoyi, ya horar da su na wasu watanni. Ƙofa ce ta gefe, kuma kujerun ƙoli na rundunar galibi na 'yan zangon shekara biyar ne.

Iyakar inda kaki ya taɓa kowane ɗan jami'a shi ne hidimar ƙasa, wadda Gowon ya kafa da doka ta 24 a Mayun 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa. Mako uku ne na busar ƙaho da asuba da fareti ƙarƙashin sajan, a sansanoni irin na Kusalla da ke Ƙaraye, daga nan a raba takardun tura aiki, yawanci zuwa aji.