Tsohon Sojan Bama a Karkara

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa, daga 1946 har zuwa wajen ƙarshen ƙarni na 20, akan sami wani dattijo wanda kusan an manta da sunansa na yanka, sai dai a ce Kofur, ko Saje, ko Samanja. Shi ake kai wa fitilar ƙwai in ta soma yoyo, shi ke buɗe kwaɗon da makullinsa ya ɓata, shi ke yi wa keke faci, in kuwa injin niƙa ya ƙi tashi ranar kasuwa, yaro ake turawa a guje ya kira shi. Bai gaji ƙira ba, bai gaji sassaƙa ba. A soja ya koyo, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila ko Yaƙin Bama, watau ƙasar Burma da ke gabas da Indiya, ba Bama ta Barno ba. Wannan maƙala tana duban rayuwar irin wannan dattijo ne, musamman abin da ya yi bayan ya tuɓe kaki.

Dangantakar Hausa da aikin soja na Turawa ta girmi wannan yaƙi nesa ba kusa ba. Tun 1863 Gulba ya kafa ƙungiyar dakarunsa a Ikko, aka riƙa kiranta da sunan Hausawa. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun zauna jarrabawarta. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, aka bi ta hannun sarakuna da hakimai wajen neman kurata. Wasu sun shiga don sule gudan da ake biya a rana, wasu don gudun haraji ko wani abin kunya a gida, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa, babu damar musu.

Farko an kai su gabashin Afirka, inda sojan Nijeriya suka shiga Magadishu a watan Fabrairu na 1941, suka kori Italiyawa har cikin Habasha. Sa'an nan a 1943 aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 don yaƙar Japan. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne, daga tatsuniyoyin Asante aka ɗauko shi, amma Bahaushe da ya gani ba ya bukatar tafinta, don ya san Gizo tun yana goye. A 1944 wannan runduna ta shiga kwarin Kogin Kaladan, ƙasar duwatsu da kurmi wadda mota ba ta ratsawa. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon fiye da mil 70, abinci da harsashi jirgin sama ke jefo musu, sauran kaya kuwa a kai ake ɗauka. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung. Sunayen waɗannan wurare suna nan a jikin barikoki, kamar Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Arakan a Ikko, ko da yake kaɗan ne daga masu wucewa ta ƙofarsu suka san inda aka samo su.

Abin lura shi ne, yaƙin zamani ba harbi kaɗai ba ne. Duk mai riƙe da bindiga yana bukatar direba, da makaniki, da kafinta, da birkila, da mai ɗaura wayar tarho, da mai wanke rauni a bayansa. Saboda haka soja ta zama makarantar sana'a mafi girma da talakan karkara ya taɓa shiga a zamanin Turawa, a lokacin da makarantar boko ba ta isa mafi yawan ƙauyuka ba. Da aka sallame su a 1946, Malam Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa ta Maraba da Soja, gwamnati kuma ta yi dokar ba su fifiko wajen ɗaukar aiki. Amma guraben ba su kai yawan masu nema ba. Masu sa'a suka zama 'yan doka da masinjoji da masu gadi a En'e. Sauran suka koma gona, da ɗan kuɗin sallama wanda bai daɗe ba.

A nan ne sana'ar ta yi rana. Shekarun 1950 zamanin cinikin gyada da auduga ne, kuɗi ya shiga hannun manomi, da shi kuma kaya irin waɗanda maƙerin gargajiya bai saba da su ba: keke, da keken ɗinki, da tocila, da kwanon rufi, daga baya rediyo da injin niƙa. Maƙeri ya san wuta da uwar maƙera, amma bai san noti da sufana ba. Birni kuwa da nisa. Tsohon soja shi ya cike wannan giɓi, ba tare da ya ƙwace wa kowa gadonsa ba, shi ya sa ba a cika jin rigima tsakaninsa da masu sana'ar gado ba. Rigimarsa da masu mulki ce. Mutumin da ya ƙetare teku, ya ga Bature yana gudu, ya ga Bature yana kuka, da wuya ya faɗi gaban dagaci yadda ya saba a da. Wasu an ce da su masu taurin kai, wasu an ce sun taɓu, alhali kuwa abin da idonsu ya gani a kurmi ne ke hana su barci. Kuma ba duk abin da suka kawo ne alheri ba: waɗanda suka yi aikin asibitin soja sun dawo da sirinji, suna yi wa mutane allura ba da izini ba.

Ta fuskar harshe, sunayen muƙamai irin su kofur da saje da samanja da laftanan da kyaftin, da kalmomi kamar fareti da kurtu da bariki, babu shakka daga soja suke. Amma kalmomin kayan aiki, irin su sufana da filaya da sukudireba, bai kamata a yi gaggawar jingina su ga soja kaɗai ba, don jirgin ƙasa da haƙar kuza a Jos sun riga sun shigo da wasunsu. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, tsohon soja ne ya kai su inda jirgi bai je ba.

Tarihi ya riƙe sunan Cari Maigumeri, wanda ya yi wa Jamus soja a Kamaru, ya koma wajen Ingila a 1917, ya yi Habasha da Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, har aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Kofur na ƙauye bai sami haka ba. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, in yana raye yau ya kai shekara 100, saboda haka damar jin labarin daga bakinsu ta kusa ƙarewa. Abin da ya rage shi ne ɗan littafin sallama da aka ba kowannensu, mai ɗauke da lambarsa da ƙungiyarsa da sana'ar da ya koya. Da yawa suna nan a ƙasan akwatin ƙarfe tare da lambobin yabo, a hannun jikoki, wasu gara ta riga ta cinye gefensu.