Kaset ko faifai: yadda Nintendo ta yi asarar baƙin kamfanoni

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin wasan yara a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda ake jera tele a bisa tebur ana biya a buga maci guda, ya san sunan da ke bakin kowa: "Play". Da wuya ka ji yaro ya ce a ba shi Nintendo. Alhali kuwa a farkon shekarun 1990 Nintendo ce babbar yaya a wannan sana'a, Sony ko shiga ba ta yi ba. To mi ya faru? Babban dalili shi ne mazubin da ake zuba wasan a ciki.

Mai ƙera na'urar wasa daban, masu rubuta wasannin daban. Nintendo tana da nata, irin su Mario da Zelda, amma yawancin abin da mutane ke bugawa daga wasu kamfanoni yake fitowa: Capcom, Konami, Square, EA. Su waɗannan baƙi ne a gidan mai na'ura. Sukan rubuta wasa don na'ura guda, daga baya su ɗauko shi su dasa a wata, kamar yadda mai lambu ke dashen albasa. In ƙasar ba ta karɓa ba, ko dai a rage shukar ko a fasa.

Sony ta fito da PlayStation a Japan cikin Disamban 1994, tana aiki da faifan CD mai ɗaukar wajen mega 650. Abin dariyar, asalin aikin tare da Nintendo aka soma shi, sai a 1991 Nintendo ta juya wa Sony baya ta koma wajen Philips. Da Nintendo 64 ta fito a watan Yunin 1996, sai ga ta da kaset irin na da. Super Mario 64 mega 8 ne kacal, kuma kaset mafi girma da aka taɓa yi wa na'urar bai wuce mega 64 ba. Ke nan faifai guda ya kai kaset goma na mafi girma.

Shugaban Nintendo na lokacin, Hiroshi Yamauchi, yana da hujjarsa. Kaset ba ya sa ka jira, kana dannawa wasa na tashi. Satar fasaha tana da wuya a kansa. Sannan Nintendo ce ke ƙera kaset ɗin, dole kowane kamfani ya biyo ta hannunta. Sai dai ga baƙin kamfanoni lissafin bai fita ba: kaset ya ninka faifai tsada nesa ba kusa ba, ana yin makonni kafin a ƙera shi, kuma in wasa bai karɓu ba, kai ke kwana da kayanka.

Kamfanin Square ne ya fara ba da mamaki. Final Fantasy na ɗaya har zuwa na shida duk a na'urorin Nintendo suka fito. Na bakwai kuwa, mai cike da hotunan bidiyo, a Janairun 1997 ya fito a PlayStation bisa faifai uku. Enix ma ta kai Dragon Quest na bakwai can a shekarar 2000. A Japan waɗannan biyu su ne ke sa iyaye su sayi na'ura. Daga ƙarshe PlayStation ta haura miliyan 100 da aka sayar, Nintendo 64 ta tsaya wajen miliyan 33, wasanninta ba su cika 400 ba, na Sony kuwa dubbai.

Waɗanda suka zauna kuma sai yanka. Masu son Mortal Kombat za su gane wannan. A Mortal Kombat Trilogy na 1996, mai PlayStation yana iya ɗaukar Goro da Kintaro, mai Nintendo 64 kuwa babu su, saboda wuri ya ƙare. Amma a yi adalci: a PlayStation, in Shang Tsung ya rikiɗe zuwa wani, wasan kan ɗan tsaya faifai ya karanto, a kaset kuwa ba wannan tsaikon. Akwai kuma wata matsala a cikin na'urar kanta. Ma'ajiyar da take ajiye zanen bango da tufafi kilo 4 ce tak, shi ya sa hotunan wasanninta da yawa suke fitowa dishi-dishi, kamar an shafa musu man kaɗanya.

Aikin da a ganina ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Resident Evil 2. Capcom ta fito da shi a PlayStation a Janairun 1998 bisa faifai biyu, ɗaya na Leon ɗaya na Claire, sama da jiga guda in an haɗa. Sai aka ba wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya ta Amurka, Angel Studios, kwangilar cusa shi cikin kaset na mega 64. Kamar a ce maka ga hatsin rumbu guda, ka zuba shi cikin buhu ɗaya, kuma kada mai gida ya ga an rage.

Da farko sun lura cewa faifan biyu suna maimaita abubuwa da yawa, ɗakuna guda, dodanni guda, sai suka ajiye kwafi ɗaya. Hotunan ɗakunan suka matse su. Sauti suka nemi taimakon kamfanin Factor 5. Bidiyon ne ya fi ba su wuya, wajen minti goma sha biyar, ga shi na'urar ba ta da wani sashe na musamman na karanta bidiyo. Sai suka zubar da rabin hotunan, daga 30 a daƙiƙa zuwa 15, suka koya wa na'urar ta riƙa ƙirƙiro na tsakiya da kanta lokacin da ake kallo. A ƙarshen 1999 wasan ya fito cikakke, ba a cire labarin kowa ba. In ka kasa kunne za ka ji muryoyin sun ɗan dushe, bidiyon ma bai kai na Sony tsabta ba, amma ya shiga. Wannan kamfanin ne daga baya ya koma Rockstar San Diego, masu Red Dead Redemption.

Faifan da ya jawo wa Sony kamfanoni shi ne kuma ya kawo ta unguwanninmu. Kwafin CD ba ya da tsada, ana sa wa na'ura ƴar guntuwar waya ta karanta shi, mai ɗakin wasa ya samu abin juyawa. Abin da Yamauchi ya ji wa tsoro ke nan, kuma bai yi ƙarya ba.

Nintendo ba ta canza hali sosai ba. GameCube ta 2001 ta zo da ƙaramin faifai na jiga ɗaya da rabi, lokacin da PlayStation 2 ke da DVD na jiga 4.7. Wii ta 2006 ta sayu ƙwarai, amma ƙarfinta bai kai na takwarorinta ba, sai kamfanoni suka riƙa yi mata wasa daban mai suna iri ɗaya. Switch ta 2017 kuwa ƙwaƙwalwarta irin ta tablet ce, ta kamfanin Nvidia. Duk da haka Saber Interactive ta dasa mata The Witcher 3 a 2019, bisa kati na jiga 32, an rage kaifin hoto amma labarin na nan duka. Mortal Kombat 1 na 2023 bai yi wannan sa'ar ba, fuskokin ƴan dambe suka zama abin barkwanci a intanet, ga kuɗinsa lokacin da ya fito dala 70 na Amurka daidai da na PlayStation 5.

Masu ƙwallo su ma sun ɗanɗana. FIFA 18 ta zo Switch ba da injin Frostbite da ke cikin na PlayStation 4 ba, kuma daga FIFA 20 zuwa 23 EA ba ta yi komi ba illa sauya riguna da sunayen ƴan wasa, ta rubuta Legacy Edition a bisa kwali. Sai a 2023, da FC 24, Frostbite ya iso Switch, shi ma da hoto 30 a daƙiƙa, rabin abin da mai Play yake gani a telensa.